Yadda muka buga katin ɗaurin auren ƙanena

Da aka sa ranar auren ƙanena, aikin kati ni aka danƙa wa. Shi yana Abuja wurin aiki, ba zai samu hutu ba sai satin biki, mahaifinmu kuma Allah ya yi masa rasuwa. Don haka duk abin da ya shafi maza a hidimar tsakanina ne da Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda zai karɓa wa yaron aure. An tsayar da Asabar, 28 ga Disamba, 2024. A yadda muka saba a Kano, gidan ango ne ke buga katin ɗaurin aure, su kai wa gidan amarya nasu kason tare da goro da alawa. Katin kamu da na wuni da sauran shagulgulan mata kuwa na gidan amarya ne da ƙawayenta. Amma tunda ni zan riƙa zirga-zirgar, yayar amarya ta roƙi in haɗa da nasu a wuri guda ko a samu rangwame, na ce babu komai.

Sharaɗin farko daga Baffa ya fito: kada a buga ko harafi ɗaya sai sakamakon gwaji ya zo hannu. Tun watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, wanda ya haɗa da na sikila da na ƙanjamau da na ciwon hanta. Sai dai ba tsoron doka ce ta sa Baffa ya dage ba. Cewa ya yi ya ga gidajen da aka raba kati gari ya ɗauka, sannan gwaji ya nuna yaro da yarinya duka AS ne, wato kowanne yana ɗauke da gadon sikila a jininsa, kunyar a ce an fasa ta sa aka runtse ido aka ɗaura, yanzu ga 'ya'ya nan suna kwana a asibiti. Muddin kati bai fita ba, magana tana tsakanin gida biyu, ana iya janyewa cikin mutunci. Da zarar ya fita ta zama ta jama'a. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya nemi shawarata yanzu daga nan nake fara masa. Alhamdu lillahi takardun yaran suka fito lafiya.

Abu na biyu, na je na ga limamin masallacin da za a ɗaura. Asabar ɗin ƙarshen Disamba a Kano, masallaci ɗaya sai ya ɗaura aure da yawa a safiya guda, kowa kuma so yake a ba shi ƙarfe 11:00. Liman ya duba littafinsa ya ce 11:00 ɗin tana nan, amma ya ja kunnena cewa shi ba ya jiran kowa, in lokaci ya yi waliyyi da wakili da shaidu suna nan, shi ke nan. Sai da na samu wannan tabbacin na zauna rubuta abin da za a sa a katin.

Rubutun bai fi layi goma ba, amma shi ya fi komai cin lokaci. Tsarin dai sananne ne: iyalan marigayi Alhaji wane da na Alhaji wane suna farin cikin gayyatar wane zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu, sai sunan ango da na amarya, sai rana da lokaci da wuri, a ƙasa kuma a roƙi wanda bai samu halarta ba ya sa mu a addu'a. Wahalar tana cikin sunayen. Mahaifin amarya malamin jami'a ne mai digirin dokta, kuma yana riƙe da sarauta a garinsu. Ban yi karambanin zaɓa masa ba. Na rubuta duka na ba babban ɗansa ya kai masa, takarda ta dawo ya soke Dokta ya soke sarautar, ya bar Malam kawai. Da na nuna wa Baffa sai ya yi murmushi ya ce to mu ma a bar sunan marigayi yadda mutane suka san shi a kasuwa, kada a yi masa ado.

Sai sunan yaran kansu. Ƙanena sunan kakanmu ya ci, saboda haka tun yana goye babu mai kiran sunan a gida, da laƙabi ya tashi, kamar yadda ake yi wa su Abba da Ummi da Halifa a kowane gida. Amarya ma haka, mai sunan kakarta ce. In aka sa sunan yanka kaɗai, rabin dangi sai sun tambaya auren wa ake yi. Muka sa sunan yanka da manyan baƙi, laƙabi a ƙasa da ƙanana. A wurin masu gayyata kuma na ƙi bin al'adar jera sunayen manya don girmamawa. Lambar da ke jikin kati ita baƙo zai kira in ya ɓata hanya, don haka na sa tawa da ta ɗan Baffa da ta wan amarya, mutanen da na san za su ɗaga waya.

Shagon da na je yana wajen titin Gidan Zoo, inda masu ɗab'i da masu zane a kwamfuta suke da yawa. Ɗaki ne ƙarami, gaba kwamfutoci biyu da samfurin katuna a manne a bango, baya kuma inji yana ta ƙara, warin tawada da na fetur ya cika wurin. Yaron da ke kan kwamfuta ya buɗe manhajar zane ta CorelDraw ya jawo wani tsohon zane ya fara canza sunaye. A saman zanen akwai Bisimilla da aya ta 21 ta Suratur Rum da Larabci, wadda ake yawan sa wa a katin aure. Ya turo mini hoton a waya, da yamma na kai wa Baffa.

Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "A cire ayar nan."

Na ce, "Baffa, ai kusan kowa yana sawa."

Ya ce, "Kowa yana sawa, amma ina katin yake ƙarewa? Bayan sati ka bi ta kan bola ka gani. Yara su yi wasa da shi, iska ta kai shi kwata."

Na ce to ai sunayen mutane ma akwai masu ɗauke da sunan Allah, ga Abdullahi ga Abdurrahman. Ya ce wannan babu yadda za a yi da shi, mutum dole a kira shi da sunansa, amma ayar Alƙur'ani babu wanda ya tilasta mana mu buga ta dubu mu watsa a titi. Aka cire. Daga baya da na ƙura wa wani samfuri ido a bangon shagon, sai na ga Larabcin da ke jikinsa haruffan a rarrabe suke, an jero su daga hagu zuwa dama, saboda manhajar da aka yi aikin ba ta iya haɗa rubutun Larabci ba, wanda ya zana kuma bai lura ba. Haka aka buga aka raba wa mutane.

Hausa ma tana da tata matsalar a kwamfuta. Yawancin salon rubutu masu lanƙwasa da amare ke so ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Yaron ya ce a sa d da k kawai, kowa zai gane. Ban yarda ba, muka yi ta gwadawa har muka samu salo mai sauƙi da ke da su. Katin ɗaurin aure da Hausa muka yi shi, domin yawancin waɗanda za a kai wa dattawa ne da 'yan kasuwa da maƙwabta. Na Turanci guda 100 muka buga daban saboda abokan aikin ango.

Maigidan shagon, wani dattijo da tawada ta rine masa farce, shi ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda kuɗin ke tafiya. Hanya biyu ce. Akwai injin da suke kira di-ai, wanda ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, nan take ka ga abinka, amma kuɗinsa a kan kowace takarda ake lissafawa. Takardar A3 ɗaya tana fitar da kati 4 masu girman A5, ko 8 masu girman A6. Akwai kuma babban inji irin su Kord, wanda sai an fara ƙona zanen a kan farantin alminiyam da suke kira filet, kowace kala da nata. Hoto mai cikakkiyar kala filet 4 yake ci: shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Ko kati 100 za ka buga ko 1,000, kuɗin filet ɗaya ne, don haka in adadin yana da yawa babban inji ya fi araha nesa ba kusa ba, in kaɗan ne kuma asara ce. Da wannan bayanin na raba aikin: katin ɗaurin aure guda 1,000, kala biyu, a babban inji, katunan mata da na Turanci, waɗanda babu wanda ya haura 300, a di-ai.

Ya miƙo mini kwali iri biyu ya ce in taɓa, ɗaya giram 250, ɗaya 300. A ido kusan ɗaya suke, a hannu kuwa na 300 ba ya lanƙwashewa in an sa a aljihun riga. Sannan ya gargaɗe ni a kan leda: in aka lulluɓe kati da leda, mai sheƙi ko marar sheƙi, biro ba ya kamawa, gurbin da aka bari don rubuta sunan wanda ake gayyata ya zama banza. Na maza muka bar shi babu leda. Na mata aka sa, sunaye kuma aka rubuta a bayan ambulan.

Da muka zo farashi ya ce mini, "Alhaji, kuɗin yau na yau ne. In ka dawo jibi sai na sake tambayo kwali." Ba wasa yake ba. Kusan duk kwalin da ake irin wannan aiki da shi daga waje ake shigo da shi, tunda masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasar. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin takarda da tawada da filet dala yake bi. Ga kuɗin man janareta in an ɗauke wuta. Na ba da kafin alƙalami a ranar don ya sayi kwalin ya ajiye, ya rubuta mini rasit da adadi da nauyin kwali da ranar karɓa.

Sai ga maganar watan Musulunci. Muna cikin Nuwamba, wato Jimada Ula 1446, auren kuma zai faɗo a ƙarshen Jimada Sani, watan da bai ma kama ba. Yaron kwamfuta ya duba kalandar waya zai rubuta. Baffa ya ce a'a, a ƙasar nan wata ba ya tsayawa sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar, kalandar waya kuma lissafi ce, takan saɓa da kwana ɗaya. Ba ya so malami ya karɓi katinmu ya ga kwanan wata ba daidai ba. Mai shago kuma yana ta matsa mini, domin Disamba lokacin kalanda ne, makarantu da kamfanoni da 'yan siyasa duk suna layi, ga bukukuwa a kowane lungu. Yadda muka warware shi ne aka gama komai aka bar gurbin ranar, aka riƙe mana layi, washegarin sanarwar ganin wata a farkon Disamba aka cike gurbin aka ƙona filet.

Kafin nan an fitar mini da gwaji guda ɗaya a takarda. Na kai wa Baffa, na kai gidan amarya, sannan na ba wani maƙwabcina da bai taɓa ganin rubutun ba na ce ya karanta da ƙarfi, har lambobin waya ɗaya bayan ɗaya ina dubawa a wayata. Wanda ya rubuta abu idonsa tsallake kuskure yake yi, saboda abin da ke kansa yake karantawa. Shi ne ya ce akwai wani masallaci mai kusan irin wannan suna a wata unguwa, muka ƙara layin kwatance.

Katin kamu kuwa kala ce ta tsayar da shi. Amarya ta zaɓi ruwan zuma don ya dace da ankon da suka fitar a Kantin Kwari. A waya ya yi kyau, a takarda ya fito da duhu, ya koma kalar ƙasa, saboda fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa tawada take sha. Yayar amarya ta zo shagon da kanta da ƙyallen atamfar a jaka, ta shimfiɗa shi a kan tebur kusa da gwajin. Yaron ya rage ja ya ƙara rawaya, a buga, ta ɗauka ta fita ƙofa ta duba a hasken rana, ta dawo ta girgiza kai, a sake. Ba ta bar wurin ba sai da kati da atamfa suka zama abu ɗaya. A lokacin na ƙosa, amma ranar kamu da na ga katin a hannun mata cikin ankonsu na gane abin da take nema.

Jota da sitika da za a manna a jikin robobin rabo ba su ba da wahala ba, in ban da ƙawayen amarya da suka so a sa hoton ango da amarya. Iyayen ɓangare biyu suka ƙi, aka sa sunaye da kwanan wata kawai. Kalanda ma aka fasa ta gaba ɗaya.

Ranar karɓa na tsaya na buɗe kowane ɗauri. A ɗaya daga ciki wuƙar yanka ta karkace ta shafe layin ƙarshe na lambobin waya. Mai shago bai yi musu ba, ya ce a ba shi zuwa gobe, ya sake bugawa a kan filet ɗin da ke nan. Sai da na ga gyaran na biya cikon kuɗi.

Daga nan aiki ya koma hannun Hajiya, mahaifiyarmu, kuma a nan ne na ga ainihin abin da katin yake yi. Na sayo goro a kasuwar Mariri, ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100, alawa da cingam kuma a kasuwar Singa. Aka ware na gidan amarya, Gwaggo da wasu mata biyu suka kai. Sauran Hajiya ta zauna a tabarma ta kasa shi da ka, babu takarda. Akwai waɗanda ni da kaina zan je in durƙusa in miƙa: su Kawu, aminan marigayi, limamin unguwa, mai unguwa, malamin da ya yi wa ango saukar Alƙur'ani. Akwai na maƙwabta da yara za su kai gida-gida. Akwai wanda za a raba a masallaci bayan Magariba, da na 'yan layin marigayi a kasuwa. Na Zariya da Kaduna na kai tashar Na'ibawa na ba direba, na Haɗeja kuma ta 'Yankaba, kowanne da lambar wanda zai tara.

Ta kuma kafa doka: hoton katin ba zai hau WhatsApp ko Facebook ba sai manya sun karɓi nasu a hannu. Ango ya kira daga Abuja yana cewa abokansa na ta tambaya. Ta karɓi wayar ta ce masa, "Kawunka ya ga auren ɗansa a wayar jikansa kafin a zo a gaya masa? Zumunci a ƙafa yake. Ka bari yayanka ya gama zagaye." Bai ƙara magana ba.

A cikin zagayen na je wa wani aminin mahaifinmu a cikin gari, tsoho ne sosai, idonsa ya yi rauni, boko kuma bai taɓa karanta shi ba. Na same shi a zaure a kan buzu. Na gaishe shi na ajiye goro na miƙa katin. Ya shafa shi da yatsa gaba da baya, ya ce in karanta masa. Da na zo kan sunan marigayi sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya yi masa addu'a mai tsawo, sannan ya ce in ci gaba. Ya ce a zamaninsu goro ne kati, in an aiko maka da shi ka san an ɗauke ka mutum. Ya tura katin ƙarƙashin buzu, ya tambayi wanda zai zo ya ɗauke shi ranar, na ce ni zan turo mota. Da a waya na tura wa ɗansa hoton, saƙon zai isa, amma wannan zaman ba zai samu ba.

Katin da ya fi damuna shi ne na dina. Zauren da abokan ango suka kama kujera 300 yake ɗauka, don haka aka buga katin shiga 300 cif, kowanne da lamba, aka raba tsakanin abokan ango da ƙawayen amarya da iyaye mata na gida biyu. Na san dalilin, abinci a ƙirge yake, in ba a yi haka ba wanda aka gayyata sai ya rasa wurin zama. Duk da haka kati ne da aikinsa hana shiga, kuma a dangi irin namu duk yadda aka raba sai an samu 'yar uwa da ta ji an ware ta. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar mawadata a bar talakawa, kuma abin ya tsaya mini a rai. Na gaya wa ango ni ba zan hana su dinarsu ba, amma walima a ƙofar gida za a yi ta bayan ɗaurin aure, babu kati babu mai tsaron ƙofa, duk wanda ya zo ya zauna ya ci. Muka ƙara layi ɗaya a saƙon da aka tura ta waya don sanar da haka, aka kuma faɗa a sanarwar da muka bayar a rediyo ana saura kwana biyu.

Ranar Asabar tun ƙarfe tara wayata ta fara ruri, masu neman kwatance ne, yawancinsu da katin a hannu suna karanto mini layin da muka ƙara suna tambayar ta wace kwana za su shigo. Liman ya cika maganarsa. Ƙarfe 11:00 da 'yan mintoci Baffa ya nema, waliyyin amarya ya bayar, aka ambaci sadaki, aka shafa fatiha. Motar 'yan Zariya ta iso ana watsewa, ɗan Baffa ya tare su a bakin titi ya wuce da su gida wurin walima. Da daddare na sa yaron kwamfuta ya zana mana ɗan gajeren saƙon godiya da sunan iyalan biyu. Wannan ba mu buga shi a takarda ba, ta waya muka tura wa kowa, manya kuma Baffa ya ce bayan an kai amarya ni da ango za mu bi su gida-gida mu yi musu ban gajiya.